Rikicin Duniya da Cinikin Iskar Gas: Tambayoyin da Mutanen Kaduna Ke Yi

Tun daga 2022, duk sanda kuɗin cika tukunyar gas ya tashi a Kaduna, amsar da ake bayarwa a majalisa ɗaya ce: "Ai yaƙin Rasha ne." Da aka kwana biyu sai aka koma "Iran ce," ko "'yan Huti ne suka tare hanya." Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce, kuma rabin da aka bari shi ya fi shafar mu. Ni haifaffen Kakuri ne. Mahaifina ya yi aikin masaƙa har ƙarfinsa ya ƙare, kuma a kan idona unguwar ta yi sanyi lokacin da tsadar makamashi da fasa-ƙwaurin atamfa suka sa injuna suka yi shiru. Shi ya sa nake bin labarin gas kamar yadda manomi ke bin hadari. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini, a ƙofar masallaci, a wajen ɗaurin aure, da ta waya.

Malam, wai mene ne LNG ɗin nan? Shi ne wanda muke girki da shi?

'Yan gida ɗaya ne, amma ba shi ba ne. Wanda ake cika mana a tukunya mai kilo 12.5 shi ake kira LPG. Yana fitowa ne wajen tace ɗanyen mai da wajen tsaftace iskar gas, kuma matsi kaɗan ya ishe shi ya zama ruwa, shi ya sa tukunyar ƙarfe ke iya riƙe shi a kicin. LNG kuwa ainihin iskar gas ce da ake haƙowa daga ƙasa, wadda ke juya injunan lantarki da na masana'antu. Ita ba ta zama ruwa sai an sanyaya ta zuwa kimanin digiri 162 ƙasa da sifili. Idan ta kai nan sai ta tsuke ƙwarai: abin da zai cika ɗaki 600 yana iska, ɗaki ɗaya ya ishe shi in ya zama ruwa. Sai na uku, CNG, wanda ake sa wa motoci tun bayan cire tallafin fetur a 2023. Iska ɗaya ce da ta LNG, sai dai ita matse ta ake yi a cikin silinda, ba sanyaya ta ba.

Me ya sa ake shan wahalar mayar da ita ruwa? Bututu bai isa ba?

Bututu ya fi arha in tafiyar ba ta yi nisa ba. Amma bututu aure ne. Bakinsa ɗaya yana gidan mai sayarwa, ɗaya yana gidan mai saye, kuma ranar da aka ɓata babu mai iya tuge shi ya kai wa wani. Jirgin ruwa kuwa ɗan kasuwa ne. Yana iya tasowa da niyyar Turai, a tsakiyar teku a ce ya juya Japan domin can sun fi tayawa, matuƙar yarjejeniyar ta ba da dama.

Sai dai jirgin ba ya sauke kaya a ko'ina. Dole a gina masa tasha: wurin tsayawa mai zurfi, manyan tankuna masu riƙe sanyi, injunan da za su ɗumama ruwan ya koma iska, da bututun da zai shigar da ita cikin ƙasa. Duk maganar da za mu yi a nan a kan wannan tasha take juyawa. Ƙasar da ta mallake ta tana da zaɓi ranar da ta ɓata da maƙwabci. Wadda ba ta da ita kuwa, sai abin da mai bututu ya ga dama.

Af, a Afirka aka fara wannan ciniki sosai-sosai. Daga Arzew ta Aljeriya aka soma kai wa Ingila a 1964.

To me ya faru a 2022 har kowa ya rikice?

Kafin yaƙi, kimanin kashi 40 cikin ɗari na gas ɗin da Tarayyar Turai ke shigowa da shi daga Rasha yake, mafi yawa ta bututu. Jamus na cikin waɗanda suka fi nutsewa: fiye da rabin nata daga can ne, kuma duk girmanta ba ta da tashar karɓar LNG ko guda ɗaya. Ta ɗauka aure ne mai ɗorewa.

Rasha ta auka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairun 2022. Turai ta ƙaƙaba takunkumi, Rasha ta riƙa rage gas sannu a hankali, har a ƙarshen Agusta ta tsayar da babban bututun Nord Stream gaba ɗaya. Ranar 26 ga Satumba kuma aka fasa shi da nakiya a ƙarƙashin Tekun Baltik. A wannan Agustan farashin gas a babbar kasuwar Turai ya haura Yuro 300 a kan ma'aunin da a shekarun baya ake sayar da shi wajen Yuro 20. Ka ƙaddara buhun masarar da ka saba saye ya ninka fiye da sau goma, ga hunturu na tahowa, kuma hunturun can yana kisa. Turawa suka bazama duniya da jakar kuɗi, duk jirgin da ke kan teku suna tayawa. A shekarar kaɗai LNG ɗin da ya shiga Turai ya ƙaru da wajen kashi 60 cikin ɗari.

An ce Jamus ta gina tasha cikin ƙasa da shekara ɗaya. Ta yaya?

Da gaske ne, kuma dabarar abin a sani ce. Tashar kan tudu tana cin shekara huɗu ko biyar. Amma akwai wani irin jirgin ruwa wanda shi kansa tasha ne: yana da tankunan ajiya da injin ɗumamawa a cikinsa. Sai a yi hayarsa, a ɗaure shi a bakin gaɓa, a ja masa bututu zuwa tudu. Haka Jamus ta yi a Wilhelmshaven, aka gama aikin gaɓar cikin ƙasa da kwana 200, aka buɗe a Disamban 2022. Wasu suka biyo baya a Brunsbüttel da Lubmin. Holan ta riga ta da 'yan watanni a Eemshaven, Italiya ta kafa nata a Piombino a 2023, Girka ta buɗe na Alexandroupolis a 2024.

Wanda ya fi burge ni dai ƙaramar ƙasar Lituweniya ce. Ita tun 2014, shekarar da Rasha ta ƙwace Kirimiya, ta kafa irin wannan jirgi a Klaipeda, ta raɗa masa suna 'Yanci. A lokacin akwai masu cewa ɓarnar kuɗi ce. Da 2022 ta zo, tana cikin na farko-farko da suka daina sayen gas ɗin Rasha ba tare da gidajensu sun yi sanyi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jamus ta fafe nata a ranar, ta kuma tsira ne kawai domin aljihunta na da zurfi.

Akwai kuma ɗaya gefen. Turawa sun rage amfani da gas da kusan kashi ɗaya cikin biyar tsakanin 2021 da 2023, don haka wasu daga cikin tashoshin da aka kafa cikin gaggawa ba sa aiki da cikakken ƙarfinsu. Masu kare su na cewa ai kamar rumbu ne, ba don shekarar albarka ake gina shi ba. Ina tare da su a nan.

Wa ya ci ribar abin?

Faɗuwar wani tashin wani. Amurka ce kan gaba. Sai a Fabrairun 2016 jirgin farko ya tashi daga babbar tasharta ta Sabine Pass a jihar Luwiziyana, amma zuwa 2023 ta zama ta ɗaya a duniya, ta wuce Katar da Ostireliya, kuma kusan rabin LNG ɗin da Tarayyar Turai ta saya a shekarar nata ne. Wannan ma ya shigo da tasa siyasar. Shugaba Biden ya dakatar da ba da sababbin izinin fitarwa a Janairun 2024, Trump ya ɗage dakatarwar a Janairun 2025, sannan a watan da ya biyo baya Sin ta ɗora wa gas ɗin Amurka harajin kashi 15 cikin ɗari a rikicin kasuwancin da ke tsakaninsu, jirage suka daina nufar can.

Katar kuma salonta daban ne: ba ta son ciniki na yau da gobe, dogon zango take so. A Nuwamban 2022 ta ƙulla yarjejeniyar shekara 27 da kamfanin Sinopec na Sin. Ta kuma sa gaba wajen ɗaga abin da take fitarwa daga tan miliyan 77 a shekara zuwa miliyan 142.

Wa kuma ya kwana a ciki?

Wannan ce tambayar da ba a cika yi mini ba, ni nake cusa ta, domin ita ce madubinmu. Pakistan da Bangaladash sun gina tashoshin karɓar LNG, sun jingina wutar lantarkinsu da masaƙunsu a kai. Da Turawa suka shigo kasuwa da kuɗinsu, sai jirage suka juya musu baya. A Yulin 2022 Pakistan ta nemi jirage goma, ko kamfani ɗaya bai taya ba. Ta kuma yi ƙorafin cewa wasu masu yarjejeniya da ita sun ƙi kawo kayan da suka yi alkawari. Bangaladash ta daina sayen na kasuwar nan-take domin ya fi ƙarfinta, ta koma rabon wuta, ta rage awannin aikin ofis, har ta ƙara wa makarantu ranar hutu ɗaya a mako don a rage cin lantarki.

Ba su da hannu a yaƙin, ba su kusa da shi, amma 'ya'yansu suka kwana a duhu. Ka ga ashe tasha kaɗai ba ta isa ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk wanda ya ce mini Najeriya ta saki jiki domin "kasuwa za ta daidaita komai," labarin Pakistan nake ba shi.

Yanzu Turai ta daina sayen gas ɗin Rasha ke nan?

Ba ta gama ba. Bututun da ya ratsa Yukren ya tsaya ranar 1 ga Janairun 2025, amma jiragen LNG daga Yamal a arewacin Rasha sun ci gaba da shiga Faransa da Sifaniya da Beljiyam, har ma a 2024 sun fi na kowace shekara yawa. Tarayyar ta tsayar da 2027 a matsayin shekarar yankewa baki ɗaya. Rasha kuwa ta juya fuska gabas: tun Disamban 2019 take tura wa Sin gas ta bututu daga Saiberiya.

Kullum muna jin Hormuz da Bahar Maliya a rediyo. Me ya haɗa su da gas?

Ƙofofi ne. A 2024, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na LNG ɗin duniya ta mashigin Hormuz ya fita, kusan duka na Katar ne daga Ras Laffan, kuma mafi yawansa Asiya ya nufa. Ɗanyen mai yana da ƙofar baya: Saudiyya na da bututu zuwa Yanbu a gaɓar Bahar Maliya, Daular Larabawa na da nata zuwa Fujaira. Gas ɗin Katar ba shi da ita. Shi ya sa ko barazana kawai aka yi, kamar a yaƙin kwana 12 tsakanin Isra'ila da Iran a Yunin 2025, farashi ke zabura tun kafin a taɓa jirgi ko ɗaya.

Bahar Maliya kuma ita ce gajeriyar hanya zuwa Turai ta mashigin Suwez. Da 'yan Huti na Yaman suka fara kai wa jirage hari a Nuwamban 2023, Katar ta daina bin nan tun Janairun 2024, jiragenta suka koma zagaye Afirka ta ƙasa, abin da ke ƙara wajen kwana goma a tafiya. Kamar a rufe hanyar Zariya ne, a ce mai zuwa Kano daga Kaduna ya bi ta Jos. Kaya za su isa, amma kuɗin mota ya ƙaru, kuma motocin da ke akwai ba za su yi sawu da yawa ba.

A nan ne Najeriya ke da wata baiwa da ba a faɗa sosai. Jirgin da ya tashi daga Bonny zuwa Fotugal ko Sifaniya ba ya bin Hormuz, ba ya bin Suwez, ba ya bin Fanama. Teku ce buɗaɗɗiya har ya isa.

To me ya hana Najeriya kwasar garaɓasa a 2022?

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Muna da iskar gas fiye da tiriliyan 200 a ma'aunin ƙafa, mafi yawa a Afirka. Muna da kamfanin NLNG a tsibirin Bonny na jihar Ribas, wanda ya fitar da jirginsa na farko a Oktoban 1999, yana da layukan sarrafawa shida masu ƙarfin tan miliyan 22 a shekara. NNPC na da kashi 49 a cikinsa, sauran na Shell da TotalEnergies da Eni ne. Turawa sun zo har gida suna nema: wani babban jami'in makamashi na Tarayyar Turai ya zo Abuja a Yulin 2022, shugaban gwamnatin Jamus Olaf Scholz ya zo a Oktoban 2023, duk maganar gas na cikin abin da ya kawo su.

Amma a shekarar da farashi ya kai ƙololuwa, Bonny ba ta samun isasshen gas da za ta sarrafa. Da yawan gas ɗinmu tare da ɗanyen mai yake fitowa daga rijiya, don haka idan ɓarayin mai suka huda bututu aka rufe rijiya, gas ma ya tsaya. A Oktoban 2022 kuma ambaliya ta mamaye yankin, har kamfanin ya sanar da masu saye cewa abin da ya fi ƙarfinsa ya hana shi cika alkawari. Layi na bakwai, wanda zai kai ƙarfin zuwa tan miliyan 30, sai a Disamban 2019 aka yanke shawarar zuba masa kuɗi, bai kuwa isa wannan kasuwar ba. Ranar cin kasuwa ta zo, mu kuma jakinmu na ɗaure.

Ba mu kaɗai rikicin cikin gida ya yi wa haka ba. A Mozambik, harin da 'yan bindiga suka kai garin Palma a Maris ɗin 2021 ya tsayar da aikin TotalEnergies na dala biliyan 20 shekara da shekaru.

Duk wannan na teku ne. Me ya haɗa shi da tukunyar matata a Rigasa?

Igiya uku ce ta ɗaure su, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Ta farko farashin duniya. Gas ɗin girki kaya ne na kasuwar ƙasa da ƙasa, kuma wanda ake samarwa a gida ma an daɗe ana auna kuɗinsa da na waje. NLNG ta ce tun 2022 duk gas ɗin girkin da take samarwa na kasuwar gida ne, gwamnati kuma ta sanar da hana fitar da shi daga Nuwamban 2024, amma hana fita daban, sauko da farashi daban.

Ta biyu, wadda a ganina ta fi yaƙin Yukren yi mana illa, ita ce naira. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. A shekarar ce kilo ɗaya na gas ya zauna sama da naira 1,000, mata da yawa suka mayar da tukunya ƙarƙashin gado suka koma gawayi. Duba buhunan gawayin da ake jerawa a bakin hanyoyin shigowa gari, ka tambayi kanka daga wane daji suka fito.

Ta uku hanya. Gas ɗin girki a bakin teku ake sauke shi, Legas ko Warri ko Fatakwal, sannan tanka ta ɗauko shi kwana da kwanaki da dizal mai tsada. Mutumin Kaduna yana biyan kuɗin gas, yana kuma biyan kuɗin nisansa da teku.

Ni manomi ne a Saminaka, ba na girki da gas. Ina ruwana?

Da ruwanka, Baba. Takin yuriya da kake zuba wa masara daga iskar gas ake yin sa. Da gas ya yi tsada a Turai a 2022, masana'antun takinsu da dama suka rage aiki, farashin taki ya tashi a duniya. Muna da manyan masana'antun yuriya, na Indorama a Eleme da na Dangote a Lekki wanda aka buɗe a Maris ɗin 2022, amma su ma suna da masu saye a waje da ke biya da dala, don haka farashin waje na jan na gida. Sinadarin fotash da ake haɗa kamfa da shi kuwa, Rasha da Belarus na cikin manyan masu samar da shi. Buhun da ya gagare ka a daminar 2022 da sawun wannan rikici a jikinsa.

Ina labarin bututun AKK? Shi ne zai fitar da mu?

Nan ne zuciyar maganar. Kaduna ba ta da teku, ba za ta taɓa samun tasha irin ta Wilhelmshaven ba. Tasharmu ita ce AKK: bututu mai faɗin inci 40 da tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta, ya bi ta Abuja da Kaduna ya tsaya Kano, a kan dala biliyan 2.8. Marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin ranar 30 ga Yunin 2020, da alkawarin shekara biyu. An sha ɗaga ranar kammalawa. Kuɗin da aka sa ran samu bashi daga Sin bai zo yadda aka tsara ba, ga matsalar tsaro a dazuzzukan da ya ratsa, ga tsallake Kogin Kwara ta ƙarƙashin ruwa, wanda sai a 2025 NNPC ta sanar da an yi nasararsa.

Amma ina roƙon mu daina kallon AKK kamar famfo, wanda da an haɗa sai a murɗa. Abu uku ne sai sun haɗu. Dole a samu gas ɗin da zai shiga ta bakin kudu, kuma wannan ya rataya a kan wani bututun, OB3, mai ɗauko gas daga gabashin Neja Delta zuwa yammaci, wanda shi ma kogin ya daɗe yana riƙe shi. Dole a ja ƙananan rassa daga babban bututun zuwa inda ake bukata. Sannan dole a samu masu saye da za su biya.

Na ukun ne ke hana ni barci. A cikin tsarin akwai tashar lantarki mai megawat 900 a Kaduna. Muna kuma da ta Kudenda mai megawat 215, wadda aka ba da kwangilarta tun 2009, ta yi shekaru a tsaye, kuma maganar man da za ta sha na cikin abin da ya dabaibaye ta. Masaƙun Kakuri da suka fara da masaƙar KTL a 1957 yawancinsu sun zama kango. Idan bututu ya iso ya tarar babu injin da ke jiran sa, gas zai wuce mu a ƙarƙashin ƙasa muna kallo. Mun kuma ɗanɗana abin da rashin namu injin ke jawowa: a Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan layin da ke tahowa ta Makurɗi ya faɗi, Arewa ta shafe fiye da mako a duhu. Masu sayar da ƙanƙara, masu niƙa, masu walda, kowa ya zauna.

Wai gas ɗin zai wuce har Turai ta Sahara?

Haka aka tsara. AKK shi ne zangon farko na bututun Sahara mai tsawon fiye da kilomita 4,000, daga Najeriya ta Nijar zuwa Aljeriya, inda zai haɗu da bututan da ke tsallaka teku zuwa Italiya da Sifaniya. An daɗe ana maganarsa, yaƙin Yukren ya farfaɗo da ita, ƙasashen uku suka sa hannu a Aljiyas a Yulin 2022. Shekara ɗaya bayan nan, ranar 26 ga Yulin 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, Nijar ta fice daga ECOWAS. An sake zama a Aljiyas a Fabrairun 2025 aka sa hannu kan sabunta nazarin aikin, amma mai zuba biliyoyin dala yana tuna watannin da 'yan'uwa biyu suka rufe wa juna ƙofa.

Ga kuma kishiya: bututun Najeriya zuwa Maroko, wanda aka amince da shi a Disamban 2016 lokacin ziyarar Sarki Muhammad na Shida, zai bi gaɓar tekun Afirka ta Yamma a kan wajen dala biliyan 25. Aljeriya da Maroko ba sa ga maciji saboda Yammacin Sahara. Sun yanke hulɗa a Agustan 2021, a ƙarshen Oktoba kuma Aljeriya ta rufe bututunta da ke ratsa Maroko zuwa Sifaniya. Kowacce na son gas ɗinmu ya bi ta gidanta. Ga ɗan Kaduna bambancin a fili yake: na Sahara ta ƙofarmu zai bi, na Maroko ko ƙurarsa ba za mu gani ba.

Kafin nan fa? Na ga tankoki masu rubutun LNG a hanyar Abuja.

Ka gani daidai. Kamfanin Greenville na sanyaya gas a Rumuji ta jihar Ribas, yana ɗora shi a tankoki masu riƙe sanyi zuwa Arewa, don masana'antu da manyan motoci da gidajen CNG. A Janairun 2025 kuma aka aza harsashin ƙananan masana'antun LNG guda biyar a Ajaokuta. Ya fi dizal sauƙi, kuma yana koya wa masu masana'antu amfani da gas tun kafin bututu. Amma tanka ba za ta ciyar da babbar tashar lantarki da arha ba.

Me zai hana a daina fitar da gas ɗin gaba ɗaya, mu yi amfani da abinmu?

Na fahimci zafin da ke bayan wannan tambaya, amma ban yarda da ita ba. Bonny na kawo dalar da ƙasa ke bukata, kuma an gina ta ne bisa alkawuran shekara ashirin da masu saye suka ɗauka. Mai saɓa irin wannan alkawari ba ya ƙara samun mai ba shi bashin gina wani abu. Kuma ko an rufe ta yau, gas ɗin ba zai zo Kaduna ba, domin babu hanyar da zai bi. Wani ma ƙona shi za a ci gaba da yi a sararin sama, kamar yadda har yanzu ake yi a wasu rijiyoyin Neja Delta.

Dokar man fetur ta 2021 ta wajabta wa masu haƙa su ware wa kasuwar gida kaso. Matsalar ita ce gas na bin mai biya. Bature na biya da dala a kan lokaci. A gida kuwa, kusan kashi uku cikin huɗu na lantarkinmu daga gas yake, amma masu samar da wutar na bin bashi mai tarin yawa, su ma masu ba su gas na bin su. In ba a warware wannan sarƙa ba, duk mai rijiya zai fi son jirgi a kan bututun gida.

Yaya zan gane gas ya iso Kaduna da gaske, ba a bakin 'yan siyasa ba?

Kada ka auna da bikin yanke kyalle. Duba ko ana tona rami a gefen titi ana binne ƙaramin bututu mai nufar Kakuri da Kudenda, domin wannan reshen ne ke kai gas ƙofar masana'anta. Saurara ko an bayyana sunan kamfanin da aka ba lasisin rarraba shi a cikin gari, da farashin da zai sayar, da masana'antun da suka sa hannu za su saya. Tambayi mai injin niƙa na unguwarku awa nawa ya yi jiya bai kunna janareta ba. Idan kana da ɗan'uwa direban da ya mayar da motarsa CNG, tambaye shi tsawon layin da ya bi kafin ya sha, da kuma ko gas ɗin ta tanka ya zo gidan man ko ta ƙarƙashin ƙasa.